Dan Allah ta ina ƙaramin ɗan kasuwa zai shigar da maganarsa majalisar jiha?

Ɗan Wunti:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah tambaya gare ni ga masu sani. Ni tireda nake yi a nan cikin Bauchi, shekara tara kenan ina shago ɗaya. Abin da ya ishe ni shi ne yawan masu zuwa da rasit, wannan ya zo yace kuɗin shara, bai kai bakin titi ba wani ya shigo yace na allon shago ne, jibi kuma wani da kuɗin rajistar wurin sana'a. Akwai gwangwanin madara da nake tara rasit ɗin a ciki, jiya da dare na zazzage shi kan tabarma na ƙirga kala bakwai, biyu ma babu hatimi babu sunan wanda ya karɓa. Wallahi ni ba biyan nake ƙi ba, so nake in san nawa ne a shekara kuma hannun wa zan sa. Mun zauna da maƙwabtana na layi wani yace doka ce kawai zata gyara, a haɗe kuɗin wuri ɗaya. To mu da bamu da kowa a sama ta ina zamu fara? Ko sai dai mu jira zaɓe?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka jira zaɓe. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin gwamnati kafin in aje, bari in faɗa maka abin da na gani.

Farko kar ka yar da gwangwanin nan, shi ne makaminka. Ka zauna ka raba rasit ɗin gida biyu, na jiha daban na ƙaramar hukuma daban, don kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya sa kasuwanni da tasha da kwata da kula da shaguna da allunan talla a hannun ƙaramar hukuma. In matsalar ta ƙaramar hukuma ce to kansilanku da ciyaman ne ƙofar farko, kar ku sha wahalar zuwa inda za'a ce muku ba nan bane. Amma fa majalisar jiha ita ke yin dokar da ƙananan hukumomin ke tafiya a kai, don haka in maganar haɗe kuɗaɗen ce gaba ɗaya to majalisar jiha za ku nufa.

Majalisarmu ta Bauchi mutum 31 ne, ta Gombe 24. Ƙudiri hanya biyu yake shigowa, ko daga ɓangaren gwamna ko wani ɗan majalisa ya ɗauko da kansa. Kai baka da ikon miƙewa a zauren ka gabatar, amma babu abin da ya hana ƙungiyarku ta samu lauya ya tsara mata abin da take so a rubuce ta kai wa ɗan majalisa ya ɗauka. Ana karatu na ɗaya, wannan suna kawai ake karantawa. Karatu na biyu a tafka muhawara, sai a tura kwamiti. To nan ne wurin, nan ne kawai mutumin waje yake da baki sosai, don kwamitin kan kira zaman jin ra'ayin jama'a ya karɓi takardu, kuma a nan ake cire layi a saka layi. Mutanenmu sai an yi karatu na uku an kai teburin gwamna sannan hankalinsu ke tashi, alhali sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ne ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun sake amincewa kafin ta zama doka. A lokacin gyara ya yi wuya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma ko babu ƙudiri a ƙasa kuna iya rubuta takardar koke. Ku rubuta wa kakakin majalisa ta hannun akawun majalisa, ku ba ɗan majalisar mazaɓarku kofi ya gabatar a zauren. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, kar a cika surutu, ga abin da ke faruwa ga fotokofin rasit ga abin da muke roƙo. Ku je da kofi biyu a buga muku sitam da kwanan wata a naku ku dawo da shi. Wannan sitam ɗin kar ku raina shi, duk ranar da aka ce ba'a ga takarda ba shi zai yi magana.

Sarkin Yaƙi:
Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake a takarda amma a ƙasa fa? Ɗan majalisarmu tun da aka rantsar da shi ya canza layi, sau uku muna zuwa gidansa ana cewa ya yi tafiya. Mutumin da baya ɗaga waya shi zai ɗauki kokenka ya karanta a zaure? Kuma zaman jin ra'ayin nan sau nawa talaka ke jin labarinsa, sai an gama ka gani a labarai. Ni a ganina kiranye kawai za'a fara yi musu su san mutane sun farka, abin yana min ciwo wallahi.

Maman Ummi:
Sarkin Yaƙi ka yi haƙuri in ɗan saka baki, ni daga Gombe nake, ɗinki nake yi kuma ina cikin shugabannin ƙungiyarmu ta mata teloli. Da nima haka nake cewa. Abin da na lura shi ne in ka je kai kaɗai, kallon mai neman taimako ake maka, kuɗin magani ko na makaranta, shi yasa ake ɓuya. Ranar da muka tashi zuwa wurin namu mu goma sha biyu muka je da anko ɗinmu, da littafin rajistar ƙungiya mai sunan kowace mace da unguwarta da sa hannunta, wadda bata iya rubutu ba ta dangwala yatsa. Tun a ƙofa muka ce ba kuɗi muka zo nema ba takarda muka kawo. Ina kallonsa yana buɗe littafin nan shafi bayan shafi yana duba unguwannin, ya san ƙuri'u yake kallo, nan take ya kira yaronsa yace ya karɓi lambar sakatariyarmu.

Ba wai an biya mana duk buƙata bane, har yanzu muna bi, amma tun daga ranar in za'a yi wani zama da ya shafi masu sana'a ana kiranmu. Na taɓa zuwa ɗaya, minti kaɗan ake ba kowa, waɗanda suka zo da rubutu aka karɓa aka haɗa cikin fayil, waɗanda suka zo da baki kawai suka yi ta faɗa lokaci ya ƙare aka karɓe abin magana. Sannan kar ku manta da rediyo, mu nan shirin kiran waya na Progress ko Amana in aka yi magana da safe kafin azahar ta zaga gari, ku ma kuna da Globe da Albarka da BRC. Sai dai in za'a kira a kira da hujja banda zagi, zagi shi ke ba su hanyar kauce wa maganar.

Ɗan Wunti ku nemi shugabannin kasuwa tun yanzu, ku jawo na Muda Lawal da na Santral, in da hali har na Azare da Misau, don ɗan majalisa ɗaya ba zai iya wuce da doka shi kaɗai ba, kowanne sai ya ji daga mutanen mazaɓarsa.

Tsohon Akawu:
Hajiya ta gama magana, Allah ya yi albarka. Sarkin Yaƙi ɗana na ji zafinka kuma da gaskiyarka kan rashin sanarwa, shi yasa ake son ƙungiya ta sa mutum ɗaya aikinsa kenan leƙa ofishin akawu da sakataren kwamiti yana tambaya. Amma kiranye ba ƙaramin aiki bane. Sashe na 110 yace sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ka tuna na Sanata Dino Melaye a Kogi, a wurin tantancewa kiranyen ya rushe a 2018 don mutane basu fito ba. Ƙarfin da zaka kashe a nan, kashi ɗaya cikin goma ya isa ka cika zauren jin ra'ayi da mutanenka.

Kuma an taɓa yi an gani. Dokar rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018, wadda ta sauke shekarun shiga majalisar jiha daga 30 zuwa 25, matasa ne suka bi ta, kuma da yake gyaran tsarin mulki ne sai da aka nemi amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36, jiha jiha suka dinga bi suna buga sunan wanda ya yarda da wanda ya ƙi. Ba ƴaƴan kowa bane, naci ne da tsari.

Ɗan Wunti:
Baba na gode, Hajiya na gode Allah ya saka da alheri. Yanzu na raba rasit ɗin kamar yadda kace, huɗu na ƙaramar hukuma ɗaya na jiha, biyun nan marasa hatimi na ware su daban. Na tura a guruf ɗinmu na WhatsApp kowa ya kawo nasa ranar Asabar bayan la'asar, mutum tara sun amsa. Baba in mun rubuta takardar da Hausa za'a karɓa ko dole sai da Turanci?

Tsohon Akawu:
Ku fara rubutawa da Hausa a karanta wa kowa ya ji abin da zai sa wa hannu, sannan a juya ta Turanci ku haɗa biyun ku kai. In kun gama ka turo min ta inbos in duba muku kafin ku buga.