Talabijin ɗinmu ya mutu: inci 43 zan saya ko 55, kuma mene ne QLED ɗin nan?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar talabijin. Namu na falo ya fara ɗauke hoto ya bar murya, daga baya muryar ma ta bi. Plasma ne mai inci 42, irin mai nauyin nan da ke ɗumama ɗaki. Mai gyara ya duba ya ce kayansa sun yi wuyar samu, tunda tun 2014 manyan kamfanoni suka daina ƙera plasma, gara mu nemi sabo.

Ga yadda falon yake. Daga doguwar kujera zuwa bango mita biyu da rabi ne. Akwai babbar taga a hannun dama, rana tana shigowa sosai da yamma. Maigida ƙwallo yake kallo, yara kuma katun a YouTube. Wanda ya fi damuna shi ne Baba, mahaifin maigida, da ke zaune tare da mu. Kujerarsa tana can gefe ne, ba ta fuskantar talabijin kai-tsaye, kuma kunnensa ya yi nauyi. Labarai ne kaɗai abin da yake kallo, kuma ba na so in sayo abin da zai raba shi da su.

Da na je dubawa, kaina ya ɗaure. Wannan LED, wancan QLED, ga OLED, ga 4K. Mai sayarwa yana ta tura ni wajen QLED mai inci 55, ni kuwa ina ganin kamar zai cika mana ido, 43 ya isa. Don Allah wanda ya sani ya warware min.

Mai Gyara ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da tef ɗin awo kafin ki saurari kowa. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba faɗi ba ne. Mai inci 43 faɗinsa kamar santimita 96 ne, mai 55 kuwa kamar 123. Ki yanki kwali daidai wannan girman, ki manna a bango, ki koma ki zauna a kujera. Lissafin nisan zama da aka saba yi shi ne a ninka tsawon kusurwar sau 1.6. Inci 55 santimita 140 ke nan, wato mazauninsa ya kama mita 2.2. Ke kina da biyu da rabi, saboda haka 55 bai yi miki girma ba ko kaɗan. Kuma ki tuna tsohon naku yana da kaurin baki kewaye da shi, sababbin kuwa kusan duk fuska ne, don haka 43 zai zo miki ƙarami a ido fiye da yadda kike zato. Rubutun da ke wucewa a ƙasan labarai ma, Baba zai fi karanta shi a 55.

Sunayen nan kuma kada su ruɗe ki, iri biyu ne kawai a zahiri. LED da QLED 'yan gida ɗaya ne: gilashin LCD ne da fitilu a bayansa suna haska shi. QLED an ƙara masa wani shimfiɗi ne da ke sa launi ya fi fitowa, Samsung ne ya yayata sunan, yanzu TCL da Hisense ma suna yi. OLED shi ne daban. Babu fitila a bayansa, kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa, shi ya sa baƙinsa baƙi ne ƙirin. Kyau kam yana da shi, amma ni ba zan ba ki shawararsa ba. Ya fi tsada, daɗinsa a ɗaki mai duhu ya fi fitowa, sannan idan tashar labarai ɗaya ce a kunne awanni masu yawa kullum, tambarinta da jan layin ƙasa suna iya barin inuwa a fuskar da ba ta gogewa. Plasma ma yana da wannan halin, ƙila kin lura da shi a naku.

Abin da masu sayarwa ba su cika ambata ba, kuma shi ne ya shafi Baba, shi ne irin gilashin. Akwai VA, akwai IPS. VA ya fi baƙi mai kyau ga wanda ke zaune tsakiya, amma da ka matsa gefe sai launi ya koɗe, fuskar mai karanta labarai ta yi fari-fari. IPS baƙinsa ya ɗan yi toka-toka da dare, amma hotonsa ba ya sauyawa sosai daga gefe. Plasma da kuka saba da shi ko ta ina aka kalle shi ɗaya ne, shi ya sa Baba bai taɓa kuka ba. Sau da yawa ba a rubuta wannan a kwali, kuma kamfani ɗaya kan sa gilashi daban a girma daban na samfuri guda. Gwaji a nan ya fi tambaya: ki tsaya gabansa, sannan ki taka zuwa gefe daidai inda kujerar Baba za ta kasance, ki dubi fuskar mutum a hoton. In ta koɗe, ki wuce shi ko da an rubuta QLED da manyan baƙaƙe.

Abu na ƙarshe, hoton furanni da tsuntsaye da suke kunnawa a wurin sayarwa an shirya shi ne musamman, kuma an ƙure hasken. Ki ce a sa miki tasha ta yau da kullum. 4K na nufin ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, ninki huɗu na Full HD, amma yawancin tashoshi ba su kai nan ba. Talabijin ɗin ne ke cike gurbin da kansa, kuma a wannan aikin ne mai kyau da na banza suke rabuwa.

Tsohon Malami ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika sa surukinki a gaba. Ni ma kunnena ya fara nauyi, don haka bari in faɗa miki abin da ake ji daga wannan ɓangaren.

Ba ƙarancin ƙara ne ke damunmu ba. Ƙarar tana isowa, kalmomin ne suke cakuɗewa. Sababbin talabijin ɗin nan sirara ne, babu wurin sa sifika ta kirki, sai a sa ƙanana biyu, galibi wat 10 kowace, suna kallon ƙasa ko bango. In aka ƙara murya, kiɗa da hayaniya ne ke tashi, gida ya cika, ni kuma har yanzu ban ji abin da aka ce ba. Na sha yin shiru ina gyaɗa kai don kada in dami yara.

Abin da ya yi min magani doguwar sifikar nan ce da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, mai fuskantar mai kallo. Ki rage wani abu daga kuɗin talabijin ɗin ki saye ta, ko da ƙarama ce, in dai tana da saitin fito da magana. Ki tabbata a bayan talabijin ɗin akwai ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a jikinsa. Ta nan za a haɗa, sai rimot ɗaya ya riƙa ƙara murya da ragewa, ba sai an ba tsoho rimot biyu ba.

Ki riƙe rimot ɗin ma a hannu kafin ki biya. Wasu yanzu babu lambobi a jikinsu, maɓallai kaɗan ne ƙanana, komai sai an shiga cikin jerin hotuna ana nema. Mutumin da ya saba danna lambar tasharsa, in aka ba shi irin wannan, ya koma sai ya jira jika ya dawo daga makaranta. Wannan yana ci wa babba rai fiye da yadda kuke tsammani.

Ɗan Ƙwallo ya amsa:

Anti, duk abin da suka faɗa haka ne, amma an manta da Yaya mai kallon ƙwallo. Ki nemi mai 120Hz, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa. Na 60Hz in aka buga doguwar ƙwallo sai ka ga tana jan wutsiya. Kuma in akwai niyyar saya wa yara PlayStation 5 nan gaba, sai da HDMI 2.1 za a samu 4K a 120.

Ki lura da data kuma. Netflix da kansu sun ce 4K na iya cin har gigabait 7 a awa ɗaya, HD kuwa har 3. In yara za su wuni a YouTube, ki shiga saiti ki rage ingancin hoton.

Mai Gyara ya sake amsawa:

Ƙanena, maganar data gaskiya ce. Ta 120 ɗin ce ban bi ka duka ba. Ƙwallon da ake watsawa ba ya wuce hoto 50 ko 60 a daƙiƙa, sauran hotunan kuwa talabijin ɗin ne ke ƙirƙirar su. Yana taimakawa, amma bai kai a hana Baba sifika saboda shi ba. Kuma a yi hattara, manyan lambobin da ake bugawa a kwali, 200 ko 400 da sunan santsin motsi, ba su ne ainihin gudun gilashin ba. Da yawansu 50 ko 60 ne a ciki.

Hajiya, kada manhajar ciki ta ja ki ma. Samsung na da Tizen, LG na da webOS, Sony da yawancin TCL suna kan Google TV, Hisense na da VIDAA, duk suna buɗe YouTube. Manhaja ita ke riga gilashi tsufa, kuma in ta yi nauyi, ɗan ƙaramin abin da ake soka wa a HDMI ya maye gurbinta. Gilashi kuwa in bai yi ba, babu gyara. Ki ƙirga ramukan HDMI dai, kada su gaza uku: dikoda, sifika, da na ko-ta-kwana.

Maman Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, maganarka ta taɓa ni, domin shi ma haka yake gyaɗa kai, ban taɓa kawo cewa ba ya ji ba ne. Na manna kwalin jiya, 55 ya zauna daidai, har maigida ya yarda. Na koma na yi gwajin tsayawa a gefe. QLED ɗin da ake nuna min ya koɗe, wani LED na kusa da shi bai koɗe ba, kuma rimot ɗinsa na da lambobi. Shi zan ɗauka tare da sifikar. Saura tambaya ɗaya: a bango zan kafa ko a kan teburi? Ƙaramin yarona shekararsa uku, komai hawa yake yi.

Mai Gyara ya amsa:

Bango, Hajiya, ba shawara biyu. Ƙafafun sababbin nan sirara ne, yaro na jan su sai su kifo masa. A bayan talabijin ɗin akwai ramukan kusoshi huɗu, tazararsu ita ake kira VESA, misali 300 da 300 a milimita. Ki sayi ƙarfen da ya dace da lambar kuma yake ɗaukar nauyinsa. Ki nemi mai hannu da ke juyawa, don a riƙa karkata shi wajen Baba lokacin labarai, a kuma kauce wa hasken tagar. Kada a kafa shi can sama, tsakiyar fuskar ta zo daidai idon wanda ke zaune.

Wajen ɗauko shi a bar shi a tsaye cikin kwalinsa, kada a kwantar. A kunna shi a gabanki kafin a fito, a sa hoto fari sannan baƙi, ki duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko tsaga a gefe. Ki karɓi takardar garanti da rasit, ki ajiye kwalin har garantin ya ƙare. In an kunna a gida zai tambaya ko na shago ne ko na gida, ki zaɓi na gida.