Waƙoƙin sabon Mean Girls: sun gyara fim ɗin ko sun ɓata shi?

Zainab: Jama'a, ni dai a ganina Mean Girls na 2024 bai kama ƙafar na 2004 ba, kuma waƙoƙin ne suka ja shi baya. A tsohon, waƙoƙin da 'yan sakandaren Amurka ke ji a rediyo aka ɗauko, na su Missy Elliott da Kelis da Pink. Kiɗa na tashi a ƙasa-ƙasa, labari na tafiya. A sabon kuwa, ana tsaka da magana sai yarinya ta juyo ta hau rera waƙa.

Nura: Haba Anti Zainab! Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Kano, yau mu ne za mu ce waƙa a tsakiyar labari ta ɓata fim?

Zainab: Ba waƙar nake ƙi ba, ƙanina. Barkwanci da sauri yake tafiya, magana ɗaya sai dariya. In ka tsaya minti uku kana waƙa, ai ta huce.

Bashir: Ku tuna na 2024 ba daga tsohon fim ɗin kai tsaye ya fito ba. Sai da labarin ya zama wasan dandamali mai waƙoƙi a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, a 2018. Tina Fey ce ta rubuta finafinan biyu da wasan duka, mijinta Jeff Richmond ya tsara kiɗa, Nell Benjamin ta yi baitoci. Fim ɗin daga wancan wasan aka ciro shi.

Hauwa: Yauwa Yaya Bashir. Kuma waƙa ta yi abin da tsohon bai yi ba. A 2004 muryar Cady, sabuwar ɗalibar da labarin ke kanta, ce ke ba mu labari, ta idonta muke ganin kowa. A sabon an ba Regina, sarauniyar 'yan matan makarantar, da Janis, ƙawar Cady, bakin faɗin abin da ke ransu. Ku saurari "World Burn" da Reneé Rapp ta rera, ita da ma ta taka Regina a Broadway. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Nan na gane fushin yarinyar na wadda aka ƙwace wa sarauta ne.

Zainab: Hauwa, koma ki kalli wannan wurin a tsohon. Regina ta watsa takardun littafin da ita da ƙawayenta ke rubuta zagin 'yan makaranta a ciki a barandar makaranta, 'yan mata suka kaure da dambe, Rachel McAdams da ta fito a Regina na tsaye ta harɗe hannu tana kallo. Ba ta ce uffan ba, amma kowa ya fahimta. Ga kuma rawar "Jingle Bell Rock" da Regina da ƙawayenta da Cady suka yi a gaban 'yan makaranta: kiɗa ya katse, kunya ta rufe su, sai Cady ta ɗauki waƙar da bakinta, 'yan kallo suka amsa, malamarsu ta zauna kan fiyano. Waƙa ce a cikin labari, kuma a nan aka fara ganin Cady na shan gaban Regina.

Nura: Wannan kam na yarda, babu wurin da ya kai shi a sabon.

Bashir: Ni inda nake ganin laifin daban ne. Masu fim ɗin sun ji tsoron waƙoƙinsu. Sun zubar da da yawa daga na dandamali, wasu suka gajarta su, suka sassauta kiɗan ya koma irin na rediyo. Ko a tallan fim ɗin waƙar Olivia Rodrigo suka saka, har wasu suka shiga sinima ba su san na waƙe-waƙe ba ne. Ku dubi Hairspray: fim a 1988, dandamali a 2002, fim mai waƙa a 2007. Bai ɓoye komai ba, tun daga farko da waƙa ya buɗe.

Hauwa: Ka ga kenan ƙarancin waƙa ne matsalar, ba yawanta ba.

Zainab: A'a, ko duka aka dawo da su ina nan kan bakana. Hairspray labarin shirin rawa ne a talabijin, dole a yi waƙa. Mean Girls labarin gulma da raɗa ne.