Intanet ɗin gidana ya ishe ni, da dare sai juyawa kawai yake, a taimaka da shawara

Abban_Hanif:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masu sanin harkar nan ku taimaka min da shawara kafin in fasa rawutar nan da ƙasa. Ina zaune a Rijiyar Zaki nan Kano, gidan ƙasa ne ba bene ba, ginin bulo da rufin kwano, kuma rawutar 4G nake amfani da ita, na'urar nan da take raba intanet a gida, irin wadda ake sa mata sim, wata takwas kenan da na saye ta. Farko farko wallahi lafiya lau take, amma yanzu abin ya zama sai a hankali, da safe ba laifi za ka yi abinka, amma da an idar da sallar isha'i shikenan sai ka ga bidiyo yana ta juyawa yana juyawa, ko hoton WhatsApp sai ka yi ta jira kamar kana layin mai. Uwargida tana karatu ta intanet ne kuma yawanci lakcarsu ta Zoom da dare ake yi, jiya sau huɗu yana fitar da ita har ta haƙura ta kashe kwamfutar ta shige ɗaki, kun san dai abin da ya biyo baya, ni na sha faɗan kamar ni na kafa kamfanin. Kuma abin haushin data tana ƙarewa da wuri, abin da a da yake kai mu wata yanzu kwana ashirin ya tafi, ba mu ji daɗi ba kuma kuɗi na tafiya.

Rawutar tana falo a kan teburin talabijin, sanda uku take nunawa wani lokacin biyu. Wani abokina ya ce in sayi busta, wani ya ce in koma Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan Adam, kawai in huta, wani kuma ya ce sim ɗin ne ya tsufa. Ni dai ban san na kamawa ba kuma ba na son in zuba kuɗi a banza a wannan yanayin. Na gode.

Bash_Farm_Centre:

Wa alaikumus salam Yallaɓai. Kar ka sayi komai tukuna don Allah, ko sisi kar ka kashe sai ka gano ina ciwon yake, don a kasuwa kullum muna ganin mutum ya zo ya kwashi kaya ya koma gida matsalar tana nan yadda ya bar ta. Hanyar da intanet yake bi kafin ya iso wayarka gaɓa uku ce, daga wayarka zuwa rawuta, daga rawuta zuwa ƙarfen sabis, sai kuma daga ƙarfen zuwa can cikin kamfani. Kowacce maganinta daban, kuma ta ukun ba abin da za ka iya yi mata daga ɗakinka.

Ga abin da za ka yi, ba ya cin kuɗi. Buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka gwada kana tsaye a gaban rawutar, ka rubuta abin da ya ba ka, sannan ka shiga ɗakin da Hajiya take karatu ka sake gwadawa. Ka yi haka sau uku, bayan asuba, da azahar, da kuma ƙarfe 9 na dare. In a gaban rawuta yana gudu amma a ɗaki ya mutu to waifai ɗinka ne bango yake cinyewa. In kuma da asuba yana tashi kamar jirgi da dare ya kwanta ko a gaban rawutar ne, to cunkoso ne, duk unguwar ce ta hau ƙarfe ɗaya a lokaci guda, kowa ya dawo gida ya kwanta yana kallon TikTok, kuma ƙarfen abin da yake da shi ne yake rabawa tsakaninku. Daga bayaninka ni na fi zargin wannan, amma dai ka gwada.

Sannan ka daina yarda da sandunan nan, yaudara ce. Haɗa wayarka da rawutar ka buɗe burauza ka rubuta adireshinta, in Huawei ce yawanci 192.168.8.1 ne, ZTE kuma da yawa 192.168.0.1, in ba ka gane ba juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasanta, har da sunan shiga duk suna nan. A ciki ka nemi inda aka rubuta RSRP da SINR. RSRP shi ne ƙarfin sabis ɗin da yake iso ka, lambar da alamar ragi take zuwa, in ka ga -80 ko -85 kana cikin daɗi, -100 ya fara rauni, in ya kai -110 to da ƙyar kake numfashi. SINR kuma tsabtar sabis ɗin ne, wato yadda ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi, sama da 13 mai kyau ne, 20 kuwa sai hamdala, in ya sauko kusa da 0 ko sanda biyar ka gani ba abin da zai yi maka. Ni na fi kula da SINR ɗin ma.

To sai ka ɗauki rawutar da doguwar wayar wuta ka yi ta zagaya gida kana kallon lambobin nan suna canzawa, taga taga, kowane waje ka ɗan tsaya kamar minti ɗaya. Kwano ƙarfe ne, yana tare sabis sosai, ga rodin da ke cikin gini, ga burgila a taga, kai kuma ka ajiye ta a ƙasa kusa da talabijin da dikoda. Ka ɗaga ta sama a tagar da take kallon ɓangaren da ƙarfen sabis yake, sai dai fa kar rana ta dinga dukanta kai tsaye, zafin Kano a watan Afrilu kaɗai ya isa ya sa ta dinga kashe kanta tana kunnawa.

Maganar sim ya tsufa kuwa, in dai sim ɗin 4G ne kuma rawutar tana nuna 4G to ba shi ba ne.

Maman_Ilham:

Abban Hanif ni ba injiniya ba ce amma maganar datar nan da ka ce tana ƙarewa ita ta tsaya min, don ni ma na sha wannan. Yaushe rabon da ka canza fasuwod? Mu fa sai da muka yi wata biyu muna zagin kamfani ashe ɓarawon yana bayan katanga. Kullum bayan magariba sai in ga samari uku huɗu sun jeru a dakalin da yake jikin tagar falonmu kowa ya sunkuyar da kai a waya, ni a zatona hira suke, ashe ɗana ne ya ba abokinsa ɗaya, shi kuma ya rarraba wa saura da wannan hoton QR ɗin da waya take fitarwa, ba sai ma ka faɗa wa mutum harafi ko ɗaya ba. Ranar da ƙanina ya shiga cikin saitin ya duba, wayoyi 14 ya gani a kai, mu kuma duk gidan wayoyinmu biyar ne da talabijin ɗaya. Muna canzawa dakalin ya watse, har ɗaya daga cikinsu ya yi sallama washegari wai Umma ko sabis ɗinku ya lalace ne, kai yaran zamani sai addu'a.

Kuma ka duba wayoyin gidan naka ma. WhatsApp yana sauke duk bidiyon da aka turo a gurup da kansa in yana kan waifai, Google Photos yana ta tura hotuna, Play Store yana afdet, ita ma kwamfutar Hajiya in Windows ce haka za ta yi ta jan afdet a ɓoye sai an shiga saitin waifai an nuna mata cewa datar a ƙidaye take. Talabijin kuwa in yara suka kunna YouTube a kan 1080p ko 4K ai kamar ka buɗe famfo ne ka tafi kasuwa, ka mayar musu 480p ba za su ma lura ba. Ka gaida min uwargidan, ka ce Allah ya ba da sa'ar karatu, kuma gaskiyarta ne da ta yi faɗa.

Dan_Zinder:

Ranka ya daɗe ka sa Starlink ka huta da wahala, mu nan wani maƙocinmu ya sa ko ɗigon matsala babu, ba ruwanka da ƙarfen sabis ba ruwanka da an tsinke waya a titi.

Bash_Farm_Centre:

Ɗan Zinder maganarka da ƙamshin gaskiya amma ba kowa ne zai iya ba. Starlink ya shigo Najeriya tun Janairun 2023 kuma yana aiki, musamman ga wanda yake ƙauye ko bayan gari inda sabis ɗin ma babu shi gaba ɗaya, a can kam ba shi da na biyu. Amma ka lissafa kuɗin kayan, ka lissafa na wata wata, sannan ka lissafa wuta, don faifansa da ake kafawa a rufi yana jan sama da wat 50 ba tsayawa, ita kuwa ƙaramar rawutar Yallaɓai wat 12 ma ba lallai ta kai ba. Wanda ba shi da sola ko inbata mai kyau ana ɗauke wuta ya zama kwanon ado a saman rufi. Ga shi yana son sarari ba bishiya ba bene a gabansa, kuma in hadari ya haɗu aka tsuge da ruwa mai ƙarfi shi ma yana ɗan yankewa. Mutumin da yake cikin gari da ƙarafan sabis ta ko'ina bai kamata ya fara daga nan ba.

Busta kuma in kana nufin ƙaramin nan da ake soka wa a soket ya ƙara nisan waifai, to abin da ya samu shi zai maimaita, in ruwan da ya shigo gidan ɗigo ne ko tiyo nawa ka ja ɗigon ne zai fito, sau da yawa ma yana rage gudun. In ɗakin da nisa gara ka ja kebul na Cat6 daga rawuta zuwa kwamfutar kai tsaye, yana kai mita 100 bai rage komai ba, kuma don Zoom babu kamar kebul. In kuma sabis ɗin ne bai shigowa gidan sosai, eriyar waje ake sawa a kan dogon ƙarfe sama da kwano, ka duba bayan rawutarka ko akwai ramuka biyu masu zare da murfi a kai, nan ake ɗaura ta. Sai dai wayar eriyar kar ta yi tsawo, duk mitar da ka ƙara sabis kake zubarwa a hanya.

Wani abu da yake rikita mutane, in ka ga sunan waifai ɗinka guda biyu ɗaya an rubuta 5G a ƙarshe, wannan 5GHz ne ba 5G ɗin da MTN suka fara a 2022 ba. 5GHz ya fi gudu amma bai cika keta bango ba, 2.4GHz ya fi nisa amma duk maƙota a kansa suke har da na'urar ɗumama abinci tana damunsa. Kusa da rawuta hau 5, daga nesa hau 2.4, kuma in za ka taɓa tashar 2.4 ɗin ka zaɓi 1 ko 6 ko 11.

Malam_Sule_Zariya:

Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Kar ka yi auren dole da layi ɗaya. Ka ari sim ɗin maƙota ko na yaranka, kowane kamfani ka gwada shi a cikin gidanka da ƙarfe 9 na daren, don wanda yake tashi a Sabon Gari ba lallai ya yi motsi a unguwarku ba, kai ko a titi ɗaya kuke da mutum ma gidansa daban naka daban. Matsalar kawai yawancin rawutocin da kamfanoni suke sayarwa a kulle suke, sim ɗinsu kaɗai suke karɓa, to ka gwada a waya tukuna. Kuma ka karanta sharuɗɗan tsarin da kake saye, da yawa daga masu cewa ba iyaka akwai adadin da in ka ci za su rage maka gudu har wata ya ƙare, ka danna *323# ka ga inda kake.

Wani lokacin kuma ba laifin kowa a gidanka. Ka tuna 14 ga Maris 2024 cikin azumi da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rikice, ranar mutane nawa ne suka yi ta kashe waya suna kunnawa. In ka kai ƙorafi wajen kamfaninka ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye, in sun yi biris da kai ka kira 622, layin hukumar sadarwa ta NCC ne kuma kyauta ne.

Abban_Hanif:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri, kwana uku ina ta gwaje gwaje har yara suna min dariya wai Abba ya zama mai gyaran sabis. Hajiya Maman Ilham kin gama magana, wayoyi 11 na tarar a kai, namu shida, sauran biyar ɗin ban san masu su ba amma ina zargin shagon ɗinkin da yake jikin gidan, na canza fasuwod ban ce wa kowa komai ba. A kan teburin talabijin RSRP -107 ne SINR kuma 2, da na kai ta tagar kicin ta sama na ɗora a kan wata kanta sai ya koma -91 da 12, ban taɓa zaton kicin ba wallahi, ashe ƙarfen ta bayan gidan yake. Na ja kebul ta saman ƙofa zuwa ɗakin, jiya an yi lakca awa ɗaya da rabi sau ɗaya kawai murya ta ɗan sarƙe, an samu zaman lafiya har da shayi aka kawo min.

Amma Malam Bash maganar cunkoson nan gaskiya ce, da asuba gudun 31 Mbps nake samu, ƙarfe 9 na dare kuma 4 ko 5, ya dai isa Zoom amma in yara suka kunna talabijin sai a fara rigima. Layin ƙanina da na gwada a waya ya ba ni 14 a daidai wannan lokacin sai dai rawutar tawa a kulle take. Sannan ana ɗauke wuta take mutuwa, kafin a tada janareta an fitar da uwargida daga aji. Ƙaramin batirin nan da ake sa wa rawuta, a jikin cajar tawa an rubuta 12V 1A, wane iri zan nema kuma awa nawa yake riƙewa?

Bash_Farm_Centre:

Mini UPS ake ce masa, ka ce mai fitar da 12V, amfiya 1 ko sama da haka duk daidai ne amma boltejin kar ya kuskura ya wuce 12. Awannin ya danganta da girman batirin, masu kyau suna kai ka awa huɗu zuwa sama, kuma kar ka yarda da lambar da aka rubuta a kwali, ɗaga shi ka ji nauyi. Ka taho da cajar taka a gwada bakin a gabanka don ba duka ne suke shiga ba. Rawutar kuma ka turo min hoton takardar ƙasanta in ga ko irin wadda ake iya buɗewa ce, amma ka rufe fasuwod ɗin da yatsa kafin ka ɗauka, kar masu ɗinki su dawo.