Wanda ya san Landan da Paris ya taimaka min don Allah

Salam 'yan uwa, daga Kaduna nake, a Unguwar Rimi. Watan Yuni zan je Landan ni kaɗai insha Allah, daga nan in hau jirgin ƙasa na Eurostar zuwa Paris, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ce. Bizar Ingila ta fito, ta Schengen (wadda ake shiga Faransa da ita) kuma ina jira.

Matsalata ita ce wasan dandamali na West End (unguwar gidajen wasan kwaikwayo a Landan) da na daɗe ina burin gani, yawanci ƙarfe 7:30 na yamma ake farawa a tashi wajen 10, kuma a Yuni magariba a Landan sai bayan ƙarfe 9 take yi, kenan tana shiga ina zaune cikin hol. Na duba na rana mai farawa 2:30 amma ranar da ake yinsa ita ce ranar da zan wuce Paris, in na ɗaga tafiyar kuma sai ta faɗo Talata, ranar da gidan tarihin Louvre da nake son gani a Paris ke rufe, ga tikitin canjawa da tsada wallahi.

Wanda ya taɓa shiga, ana samun wajen yin sallah lokacin hutun tsakiyar wasa? Kuma akwatina fa, suna barin mutum ya shiga da shi ko sai na nemi wajen ajiya a St Pancras, tashar da Eurostar ke tashi a Landan?