Rijiya, murhu ko kananzir: wanne za a fara gyarawa a gida mai ƙananan yara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, ɗaki biyar, yara 'yan ƙasa da shekara biyar su bakwai, biyu daga ciki rarrafe suke yi. Akwai rijiya a tsakar gida da aka ɗora wa fallen kwano. Girki a waje ake yi, wasu da itace, wasu kurfoti, wasu risho. Matan gidan za mu haɗa kuɗi mu gyara abin da ya fi haɗari, to kuɗin ba zai isa komai ba. Wanne za mu fara? Sannan in tsautsayi ya faɗa, me ake yi kafin a isa asibiti? Kowa da tasa, wannan ya ce manja, wancan ya ce tawada.

Nas ɗin Yara:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ku fara da ruwa. Ƙuna ta fi yawan faruwa, amma tana ba da lokacin kai yaro asibiti. Ruwa ba ya bayarwa. Yaron da ya nutse ba ya ihu, ba ya fantsala ruwa, kuma cikin mintuna kaɗan rashin iska ya fara taɓa ƙwaƙwalwa.

Kada hankalinku ya tsaya ga rijiya kaɗai. Bokitin fenti mai lita 20 da ake jiƙa wanki a ciki ya fi yadda ake zato haɗari. Gefensa a miƙe yake, in da ruwa a ciki ba ya kifewa, shi kuma ɗan tatata kansa ya rinjayi jikinsa. Da ya leƙa sai kan ya ja shi, ƙafafu a sama, ba yadda zai ɗago. Ruwan da bai wuce santimita 5 ba ma ya isa ya nutsar da shi. Saboda haka da an gama wanki ko wanka a zubar a kife bokiti da baho. Duro da randa a sa musu murfi mai nauyi, ƙofar banɗaki a sa mata sakata daga waje, can sama.

In an ciro yaro ba ya numfashi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki wai ruwa ya fita. Abin da ke cikin cikinsa ne zai dawo ya shiga huhu. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau 5 ana ganin ƙirji na tashi. Daga nan danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura iska sau 2, a yi ta maimaitawa. Jariri da babban yatsa na kowane hannu, sauran yatsu na kewaye da ƙirjinsa, wanda ya wuce shekara da tushen tafin hannu ɗaya, ana nutsa kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, da sauri kamar sau 100 zuwa 120 a minti. Ko ya farfaɗo yana wasa a kai shi, don huhu kan rikice bayan wasu sa'o'i.

Ƙuna kuwa, galibi ba harshen wuta ke yin ta ba, ruwan zafi ne da kunu da shayi da man suya. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, zafin da babba zai ce kai ya janye hannu, shi sai ya tashi bororo. Kofin shayi da aka zuba minti 15 da suka wuce yana iya ƙona shi. Lokutan da za ku fi sa ido su ne gidan da aka yi haihuwa ana dafa ruwan wankan jego, suyar ƙosai gab da shan ruwa, da hunturu lokacin da ake shigar da kaskon wuta ɗaki. In za a sirka ruwan wanka a fara zuba na sanyi, sannan na zafi a kai, a gwada da gwiwar hannu. Idan aka fara da na zafi aka juya ɗauko na sanyi, a wannan ɗan tsakanin yaro ke faɗawa. Toka ma a yayyafa mata ruwa bayan girki, don garwashi kan kwana a ƙarƙashinta, mai rarrafe kuma da tafin hannu yake taka ta.

In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi-sanyi na famfo ko na randa a yi ta zubawa a wurin minti 20 cif. Ba ƙanƙara ba. A cire riga da awarwaro kafin wuri ya kumbura, amma abin da ya manne da fata a bar shi. A rufe da tsumma mai tsabta marar gashi, kada a fasa bororo. Tawada, man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, baƙin mai, kashin shanu, duk babu. Suna shigar da datti, kuma sai mun goge su kafin mu ga zurfin ƙunar, wannan gogewar kuwa azaba ce ta biyu ga yaron. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaba ko gaɓa, asibiti kai tsaye. Haka wadda ta yi fari fat ko ta yi baƙi kuma yaro ba ya jin zafinta, ita ce mai zurfin.

Baba Magini:
Hajiya, fallen kwanon nan yaudara ne. Iska na ɗaga shi, tsatsa na cin sa ta ƙasa, yaro ya hau yana tsalle don yana jin daɗin ƙararsa. Katako ma danshin rijiya ke ruɓar da shi ba a sani ba.

A ɗaga bakin rijiyar da bulo ya kai kamar mita ɗaya, a yi masa filasta sumul ta waje don kada ƙafa ta sami wurin takawa. A zuba silab na kankare da rodi a ciki, kauri kamar inci 4, a bar ƙofa daidai shigar guga, a sa mata murfin ƙarfe mai hinji da kwaɗo. Inda ake yawan kuskure shi ne a bar ƙofar da faɗi don mai yasa ya riƙa shiga. A yi silab ɗin ɓari biyu, ranar yasa maza su ɗaga ɗaya. Kuma kada a bar turmi, kujera 'yar tsugunne ko jarka a jikin rijiyar, don sun zama tsani. Makulli a rataye shi a ƙusa sama, wadda ta ja ruwa ita za ta rufe, ba yaron da aka aika ba.

Ragowar bulon a kewaye wurin girki, layi uku ya isa, da 'yar ƙofar katako. In ƙofar mai sanduna ce, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce inci 4, don in ya wuce jikin yaro na bi kansa ya maƙale. A duba murfin sokawe ma, in ya tsage ko rodi ya fara leƙowa a canza. Gyaran rijiya da sokawe na mai gida ne, ku gaya masa kafin ku taɓa, wataƙila ya rage muku a kuɗin haya.

Mai Kemis:
Abin da zan ƙara ba ya cin ko sisi, kuma yau za a iya yin sa. Duk kananzir ɗin da ke cikin robar ruwan sha ko kwalbar lemo a juye shi cikin jarka mai murfin murɗawa, a kai sama inda babba ma sai ya miƙa hannu. Kananzir fari ne kamar ruwa, yaro mai ƙishi a watan zafi robar ya sani, bai san abin da ke ciki ba.

Kan manja, a daina. Kananzir a ciki bai cika yin ɓarna ba, ɓarnarsa a huhu take. Ba shi da kauri, ɗan kaɗan in ya bi hanyar iska sai ya malale a huhu ya ƙona shi. Ɗura manja ko madara, ko sa yatsa a maƙogwaro, amai suke jawowa, aman kuma shi ke kai kananzir ɗin huhu, manjan ma ya bi shi. A cire kayan da ya zuba a kai, a wanke jiki da sabulu, a riƙe shi a zaune, a tafi asibiti. Ko ba tari akan sa masa ido kamar awa 6, saboda saurin numfashi da zazzaɓi kan biyo baya.

Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari irinsa ko ta fata suna shiga. Alamarsu dalalar miyau, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji na kurari. Akwai allurar da ke karya shi, atropine, amma a asibiti take, don haka ba tsayawa jiƙe-jiƙe. A tafi da kwalbar. In akwai mai haɗa sabulu a gidan, ruwan sodarta kada ya kwana a kofi ko roba marar murfi. Kurɓi ɗaya na ƙona maƙogwaro, bayan makonni ya tsuke har yaro ya kasa haɗiye tuwo. Nan ma ba a sa amai.

Sai ƙaramin batir mai kama da kwabo na cikin rimot, agogo da kayan wasa masu walƙiya. In ya tsaya a maƙogwaro, cikin awa 2 ya fara cin nama. Yaron da ya wuce shekara ɗaya a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu, wato mil 10, duk minti 10 har sau 6, a kan hanyar asibiti. Ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu. Famfonmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, ya za a yi minti 20? Sannan yara na yawan cin gyaɗa da aya, in ɗaya ya ƙware fa?

Likitan Unguwa:
Hajiya, ba sai famfo ba. A sa baho a ƙasa, a riƙa kwarara ruwan randa da buta ko moɗa a hankali. In hannu ne ko ƙafa a tsoma a bokiti ana canza ruwan in ya ɗumama. Ƙari kan bayanin Sista, wurin ƙunar ake sanyayawa ba yaron duka ba. A lulluɓe sauran jikinsa, in ya fara rawar ɗari a tsaya, musamman jariri da hunturu. Ko an makara, sanyayawar na da amfani har cikin awa 3. Don zafi, farasitamol miligiram 15 kan kowane kilo na nauyinsa, duk awa 6.

Ƙwarewa kuma, in yana tari da ƙarfi yana kuka, iska na wucewa, a bar shi ya yi tarin. Ba a ba shi ruwa, ba a laluben baki da yatsa, don turawa ake yi ciki. In murya ta ɗauke, leɓe ya fara canza launi, jariri a kifa shi a kan hannu, kai ya yi ƙasa da ƙirji, a buga tsakanin kafaɗu sau 5 da tushen tafi, a juya shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5 da tushen tafin hannu ɗaya. Wanda ya wuce shekara, bayan bugun bayan, a tsaya ta bayansa a sa dunƙulen hannu sama da cibiya a ja ciki da sama sau 5. Jariri ba a danna masa ciki. In ya sume a koma danna ƙirji da hura iska.

Gyaɗa na da wata matsala ta daban. Takan wuce ta zauna a reshen huhu, galibi na dama, tarin ya lafa kowa ya ce an tsira. Bayan kwanaki sai tari da shesheƙa da zazzaɓi, a yi ta maganin nimoniya yana dawowa. Hoton ƙirji ba lallai ya nuna ta ba, don haka a gaya wa likita ranar da ya ƙware da abin da yake ci. Da na'urar leƙa huhu ake ciro ta, a manyan asibitoci irin asibitocin koyarwa. Ɗan ƙasa da shekara 5 a daka masa gyaɗar ko a ba shi a kunu, dabino a cire ƙwallo, aya da gurjiya kuwa a jira ya ƙara girma.