Don Allah ya ake karanta sunayen Japan ɗin nan?

Salam 'yan uwa, ina neman shawara. Na samu gurbin karatu a Tsukuba, zan tafi watan Oktoba in sha Allahu, jiya mun yi waya da wata malama ta can na faɗi sunan garin har sau uku ba ta gane ba sai da na rubuta mata, wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wai ya ake furta kalmomin nasu in an rubuta su da boko ne?

Maman Ilham: Ƙanina ai tsaurin "ts" ɗinmu ne ya kayar da kai, da alama ka faɗe shi ne irin na tsintsiya ko tsamiya. Nasu ba a matse shi a maƙogwaro, t ce da s a haɗe a sake kawai. Sauran kuma mu Hausawa mun ci riba, wasullansu biyar ne a i u e o kamar namu, karanta da Hausa kar ka bi bakin Turanci. "ch" shi ne c ɗinmu, "fu" na Fuji ma da leɓe ake hura shi kamar yadda muke cewa fura.

Ɗan Tasha: Mu dai Honda da Suzuki muka sani hhhh, Allah ya ba da sa'a.

Malam na Sendai: Shekara huɗu na yi can. Wannan rubutun sunansa Hepburn, sunan wani likita Ba'amurke ne da ya fitar da ƙamus a 1867. Abin da zai ba ka wahala jan wasali ne, don sau da yawa ba sa nuna shi, kamar dai gari na zama da garin tuwo a rubutunmu. Tokyo duk "o" biyun ja ake yi, kuma "kyo" gaɓa ɗaya ce kamar kyau, ba "kiyo" ba. Ka kiyayi obasan da obaasan, na farko inna ce ko gwaggo, na biyu kaka, na taɓa kiran matar mai gidana da na biyun, kwana biyu tana min kallon hadarin kaji. Baƙi biyu kuma ka danna kamar baba da babba, Nissan, Hokkaido. Sai "desu" da suke yawan rufe jimla da shi, des za ka ji suna cewa, u ɗin haɗiye shi suke.

Na gode Malam, Allah ya saka. To sensei (malami) fa, "ei" ɗin?

Malam na Sendai: Sensee, ja e ɗin kawai.