Wa ya fi cancanta ya koyar da tahkimin ƙasa da ƙasa: malamin jami'a ko lauyan da ke cikin aikin?

Malamin Tsangaya:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a tsangayar shari'a ta wata jami'a a Arewa, kuma a rabon kwasa-kwasan bana an ɗora mini tahkimi, wato shari'ar da 'yan kasuwa ke yi a wajen kotu, su zaɓi alƙalansu da kansu, hukuncin da aka yanke kuma ya hau kansu. Rabin kwas ɗin na cikin gida ne, rabi na ƙasa da ƙasa. Wannan rabin na biyu shi ya kawo ni nan.

Abin da ke rubuce na san shi. Zan iya tsayawa gaban allo in yi bayanin Yarjejeniyar New York ta 1958, da shigar Najeriya cikinta a 1970, da 'yan dalilan da ta ba kotu na ƙin zartar da hukuncin da aka yanke a wata ƙasa. Na karanta dokar samfuri ta 1985 ta UNCITRAL, hukumar dokokin kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da gyaran da aka yi mata a 2006. Dokarmu ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, na bi ta sashe-sashe: alƙalin gaggawa, da halatta wa wani na waje ya ɗauki nauyin kuɗin shari'a, da mayar da alƙali ɗaya a matsayin ƙa'ida idan ɓangarorin ba su faɗi adadi ba. Amma ban taɓa zama a ɗakin da ake sauraron irin wannan shari'a ba. Aikin lauyan da na yi kafin in shigo jami'a na babbar kotun jiha ne, rikicin fili da bashi da haya. Shi kuwa tahkimi a rufe ake yin sa, babu bencin baya da mutum zai je ya zauna ya kalla, yawancin hukunce-hukuncen ma ba a buga su.

A makon da ya wuce wata ɗaliba da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to idan an gama naɗa alƙalan nan uku, washegari me ake yi?" Na ba ta amsar da doka ta tanada, cewa kwamitin alƙalan ne ke da ikon tsara yadda shari'ar za ta gudana. Ta rubuta. Amma daga yadda ta riƙe biro tana jiran ci gaba na gane ba abin da take nema ke nan ba. So take ta san wa zai fara rubuta wa wa, me za a ce a wasiƙar, kwana nawa za a bayar.

Shugaban sashenmu yana ganin a nemi wani babban lauya daga Abuja a ba shi rabin kwas ɗin a matsayin malamin wucin gadi. Ni zuciyata ta rabu biyu. Ba na so yaran nan su fita da haddar sashe kawai, domin ƙasar nan ta kusa rasa dukiya mai yawa a irin waɗannan ɗakuna, kuma kusan duk lauyoyin da suka iya aikin a Legas da Abuja suke. Amma ina tsoron in miƙa aji ga wanda ba koyarwa ce sana'arsa ba. Waɗanda suka gwada ɗaya daga cikin biyun, don Allah me kuka gani?

Hajiya Lauya:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara amsa wa ɗalibarka. Da an kammala naɗi, shugaban kwamitin zai rubuta wa lauyoyin ɓangarorin biyu ya kira zaman farko na tsara aiki, yanzu galibi ta bidiyo ake yi. Daga wannan zaman ake fitar da umarni na ɗaya: ranar da mai ƙara zai shigar da bayaninsa, ranar amsa, harshen da za a yi shari'ar da shi, yadda za a sa wa takardu lamba, ranakun sauraro. Idan a ƙarƙashin ICC ne, wato cibiyar tahkimi ta 'yan kasuwar duniya da ke Paris, akwai kuma takardar iyakance batutuwa da kowa zai sa wa hannu. Lauyan da ya yi sakaci a wannan zaman zai sha wahalarsa har ƙarshen shari'a, domin jadawalin da ya amince da shi zai yi wuya a sake buɗe masa shi.

Ga wani abin da karatu kaɗai ba ya ba mutum. Wajen neman takardu daga abokin shari'a, jadawali ake zanawa mai gida huɗu: takardar da kake so, dalilin da ya sa take da muhimmanci, ƙin amincewar ɗaya ɓangaren, sai gidan ƙarshe da aka bar wa kwamiti ya rubuta an yarda ko an ƙi. Idan ka rubuta "duk wasiƙun da suka shafi kwangilar", kalma ɗaya za a sa maka a gidan ƙarshe. Sai ka faɗi tsakanin wa da wa, daga wane wata zuwa wane wata. Shaidu kuma a rubuce suke ba da bayaninsu tun da wuri, ranar sauraro titsiye kawai ake yi musu da tambayoyi, kuma agogo na ƙirga wa kowane ɓangare mintinsa. Lauyan da ya saba da kotunmu, inda ake neman ɗage zama a samu, ranar farko zai gane ya shigo wata duniya.

Ka duba shari'ar P&ID, kamfanin da ya kai Najeriya tahkimi. Kwangilar gas ce ta 2010, masana'antar da aka ce za a gina a Kalaba ba a taɓa gina ta ba, amma a 2017 aka yanke wa Najeriya dala biliyan 6.6, da ruwan kashi 7 cikin ɗari a shekara har kuɗin ya haura biliyan 11. A Oktoban 2023 Mai shari'a Knowles na babbar kotun Landan ya gano cewa da zamba da cin hanci aka samo hukuncin, Allah ya tsare mu. Amma ni abin da nake nuna wa ƙananan lauyoyin ofishinmu shi ne matakin lissafin diyya. Kamfani ya kawo masanin da ya ƙiyasta ribar shekara ashirin, ɓangarenmu bai tsaya ya warware lissafin nan ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata ba. Ɗaya daga cikin alƙalan uku, Cif Bayo Ojo, dala miliyan 250 ya ga ya dace. Ka ga tazarar. Yadda ake titsiye akawu ko injiniya a kan alƙalumansa, sai wanda ya taɓa yi ne zai koya maka.

Don haka ina goyon bayan a kawo lauya, amma kada a ba shi rabin kwas. A ba shi zama uku ko huɗu masu aiki takamaimai, kai kana cikin ajin.

Tsohon Farfesa:

Hajiya ta yi magana mai kyau, kuma ƙarshen maganarta shi nake so in ja da tsawo, ɗana.

Na shugabanci tsangaya, na kuma gayyato manyan lauyoyi aji. Mutanen kirki ne, da niyya mai kyau suke zuwa. Sai dai ranar da zaman shari'a ya ci karo da lacca, lacca ce za ta bari, kuma ba laifinsu ba ne, amanar wani ke hannunsu. Idan sun zo, mafi daɗin abin da suka sani sirri ne ba za su iya faɗa ba, sai su cike gurbin da labarin yadda suka yi nasara. Ɗalibai su fita cike da sha'awa, amma littafinsu wayam. Gyaran jarrabawa kuwa, kai zai dawo wa.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Wanda ke jiran a naɗa shi alƙalin tahkimi gobe, da wuya ya tsaya gaban aji ya ce tsarin na da aibi. Alhali aibin na nan. Mutum ɗaya yau alƙali ne a wata shari'a, gobe lauya ne a wata mai irin batun, har sai da ICSID, cibiyar tahkimin zuba jari ta Bankin Duniya, da UNCITRAL suka fitar da ƙa'idar ɗa'a a 2023 don rage wannan a shari'o'in masu zuba jari. Me ya sa rikicin Afirka ake kai shi Landan da Paris, bayan akwai cibiyar tahkimi a Alƙahira tun 1979, akwai ta Legas tun 1989, ga kuma ta Kigali? Jami'a ce wurin yin wannan tambaya, kuma kai ne ba ka da abin da za ka rasa idan ka yi ta.

Kada kuma ka raina abin da ka sani. A wannan shari'ar ta P&ID ɗin, an shafe shekaru ana jayayya kan ambaton Landan da kwangilar ta yi: wurin haɗuwa ne kawai, ko mazaunin tahkimin ne a doka? Babbar kotun tarayya a Legas ta soke hukuncin da ya ɗora wa Najeriya alhaki, amma kwamitin, sannan kotun Ingila a 2019, suka ce Landan ne mazauni, don haka kotunan Ingila ke da ikon sa ido. Wannan darasin allo ne tsantsa. Yaron da ka koya wa bambancin nan da kyau, watakila shi ne wata rana zai duba kwangila a ma'aikatar shari'a ta jiharku kafin gwamna ya sa hannu.

Sannan kuna da abin da na Legas ba su da shi. Ɗalibai da yawa a Zariya da Kano da Sakkwato suna haɗa shari'ar Musulunci da ta Turawa a digiri ɗaya, sun san babin tahkimi a fiƙihun Malikiyya. Ka karanta musu hukuncin Abu Dhabi na 1951, inda alƙalin tahkimin, Lord Asquith, ya yarda cewa dokar ƙasar ce ya kamata ta hau kwangilar man, sannan ya ture ta gefe da cewa babu ƙa'idojin da za su iya da kwangilar zamani a cikinta. Ka bar su su ba shi amsa daga abin da suka karanta. Baƙon Abuja ba zai kawo maka wannan ba.

Wuraren da suka yi fice ba su zaɓi ɗaya suka bar ɗaya ba. Makarantar tahkimi ta Queen Mary a Landan, Julian Lew da ya kafa ta a 1985 lauya ne mai aiki kuma malami. Farfesa Emilia Onyema ta makarantar SOAS a Landan, a Najeriya ta zama lauya, tana bincike tana kuma zama alƙaliyar tahkimi. Abin da nake so in gani shi ne kai da kanka ka shiga aikin. Akwai umarnin 1992 da ya keɓe malaman shari'a daga haramcin aikin gefe, ko da yake har yau ana muhawara kan yadda ya zauna da kundin tsarin mulki na 1999, don haka ka nemi izinin jami'arka a rubuce.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa ga Farfesa da Hajiya. Mu nan Nijar a ƙarƙashin OHADA muke, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka 17, dokar tahkimi ɗaya ta 1999 da aka sabunta a 2017, ga kotun ƙungiyar, CCJA, a Abijan wadda kotu ce kuma cibiyar tahkimi. A tsarin Faransa da muka gada, ba abin mamaki ba ne babban malamin jami'a ya zama alƙalin tahkimi ko ya rubuta ra'ayin masani a shari'a, don haka rabuwar nan da kuke magana a kai ba ta kai taku zurfi ba. Matsalarmu harshe ce. Tun da aka janye wa Orano, kamfanin Faransa, lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren a 2024, kamfanin ya tafi tahkimi, kowa a Yamai ya san muhimmancin abin, amma yaranmu ba su da Turanci, naku ba su da Faransanci. Malam, ɗan kasuwar Kano da na Maraɗi kullum cikin hulɗa suke. Ka sa wa ɗalibanka aikin rubuta sharaɗin tahkimi tsakanin su biyun: wace doka, wane mazauni, wane harshe, a ina za a zartar. Nan za ka gane wanda ya fahimta.

Ƙaramar Lauya:

Ni ɗaliba ce shekarun baya kaɗan, kuma abin da ya fi koya mini shi ne gasar shari'ar gwaji ta Vis. A Oktoba ake fitar da matsalar, a rubuta bayanin mai ƙara, a rubuta na wanda ake ƙara, sannan a je Viyana ko Hong Kong a yi ta baka. Kuɗin jirgi da biza sun fi ƙarfinmu, amma matsalar kyauta take a intanet, kuma akwai zaman share fage da ake yi ta bidiyo, lauyoyi na gaske suna alƙalanci. Malaminmu ya duba hujjojin, wata lauya ta gyara mana tsayuwa da amsa tambaya. Ranar da ta katse ni a tsakiyar jimla ta ce in nuna mata shafin da na dogara da shi, na koyi abin da ban manta ba har yau. Malam, kai ma ka yi kwas ɗin shiga ƙungiyar ƙwararrun tahkimi, CIArb ko NICArb, daga nan ake fara samun aikin sakataren kwamiti, shi ne hanyar shiga ɗakin.

Malamin Tsangaya:

Allah ya saka muku da alheri. Farfesa, Allah ya ƙara lafiya, batun Asquith ya shige ni, zan ba shi mako guda cikakke. Abin da zan kai wa shugaban sashe shi ne kwas ya zauna hannuna, baƙo ya zo zama uku: tsara aiki, neman takardu, titsiye masani. Makin waɗannan zama zai shiga gwajin tsakiyar zango don kada yara su ɗauke su ranar hutu.

Hajiya, wata tambaya ta rage. Tunda takardun ofishinku sirri ne, umarni na ɗaya da ICSID ke bugawa a shafinta zai wadatar a matsayin misali, ko ya yi nisa da abin da ake gani a rikicin 'yan kasuwa zalla? Ɗan Damagaram kuma, idan kana da sharaɗin tahkimi na CCJA da Faransanci ka sa mana nan, akwai malamin sashen harsuna da zai fassara mana kafin Litinin.